Wane inji da wace giya suka dace da tsohuwar Peugeot 504?

Wani ɗan'uwa daga Daura ya aiko da tambaya. Ya gaji Peugeot 504 salun daga mahaifinsa, haɗin Kaduna, ta yi shekaru a jingine a cikin gida ba a tayar da ita ba. Yana so ya farfaɗo da ita don hawan ranar Juma'a da zuwa Katsina ko Kano jefi-jefi. Bakanike ɗaya ya ce a yi wa injinta garambawul, na biyu ya ce a sauke shi a ɗora na Toyota, na uku ya ce a koma dizal. Shi kuma ransa yana kan giya otomatik. Wanne zai bi?

Malam, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Amsata a taƙaice ita ce ka gyara injin da ke cikinta muddin bulok ɗinsa bai tsage ba, sannan idan da sauran kuɗi ka nemo mata giya mai biyar ta Peugeot 505. Duk wani zaɓi da ke buƙatar a kawo mai walda ya yanka jikin motar, ka ajiye shi a ƙarshen layi. Dalilan suna da ɗan tsawo, don 504 tana da wasu halaye na ƙira da ba kowane matashin bakanike ya san su ba, balle wanda ya koyi aiki a kan Golf da Corolla.

A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba har wajen 2006. Wannan ne babban jarinka. Mota ce da aka yi shekara talatin ana haɗa ta a nan gida, gwamnati ta saya, 'yan kasuwa sun saya, direbobin tasha sun kashe ta sun tayar. Saboda haka har yau kayanta ba su ɓace ba. Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, da garejin tsofaffin bakanikai a Katsina, duk za ka samu. Kai da kake Daura ma kana da wata ƙofa, don maƙwabtanmu na Damagaram da Maraɗi sun riƙe Peugeot sosai. Wanda ya gaji tsohuwar motar Amurka ko ta Ingila, shi ne zai iya cewa dole ta sa ya canza inji don ba kaya. Kai ba ka da wannan uzurin.

Injin fetur na 504 iri biyu ne aka fi gani: mai 1796cc da ake kira XM, da mai 1971cc da ake kira XN1, wanda ƙarfinsa yake tsakanin doki 93 da 96. Bulok ɗin ƙarfe ne, tof ɗin alminiyom, sarƙa ce ke juya taimin ba bel ba. Abu na farko da za ka lura da shi idan ka ɗaga bonet shi ne injin ba a tsaye yake ba, a kishingiɗe yake gefe guda, kusurwa 45. Sun yi haka ne don bonet ya yi ƙasa. Abu na biyu sai ka leƙa ƙarƙashi: farfelar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya ba a fili take ba, tana cikin wani bututun ƙarfe da aka ɗaure da bayan giyabos ta gaba, aka ɗaure shi da aksil ta baya. Wato inji da giya da bututu da aksil abu guda ne a ɗaure, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Waɗannan abubuwa biyu su ne ke yanke hukunci a kan duk tambayarka. Wanda ya ce maka ka sayo inji tukuna, maganar giya a yi ta daga baya, ya sa ka sayen sirdi kafin ka ga dokin.

Kafin a yanke wa injin hukunci, a bincike shi. Kuma don Allah kada wani ya kawo batir ya ce bari a gwada ko za ta tashi. Injin da ya daɗe a kwance ba baƙin mai a jikin mital ɗinsa, ringin ma wataƙila sun kama da tsatsa, bugu ɗaya na sitata yana iya karya su. A cire filogi huɗun, a zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku, sannan a sa sifana a kan fulin gaba a juya da hannu. Idan ya juya ba cijewa, rabin damuwarka ta tafi. A zubar da tsohon mai na tanki, a wanke tankin, a juye baƙin mai a duba shi da kyau: idan ya yi fari kamar an dama shi da ruwa, ruwa ya shiga, idan kuma da ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, mital ya ci. Bayan an sa sabon baƙin mai da sabuwar tacewa ne za a auna kwamfireshan da agogon awo. Ba yawan lambar kaɗai ake dubawa ba, a ga silinda huɗun sun yi kusa da juna. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, a zuba mata ɗan baƙin mai a sake aunawa. In ta tashi, ringi ne. In ba ta tashi ba, bawul ne ko gasket.

Ko da an samu ringi da fistin sun mutu, wannan ba mutuwar inji ba ce a 504. Silib ɗinsa, wato kwaroron ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, irin wanda ake zarewa ne, ruwan sanyaya inji yana taɓa bayansa kai tsaye. Ana sayar da silib da fistin da ringi a haɗe, a zare tsofaffi a zura sababbi, silinda ta koma awonta na ranar da ta fito daga kamfani ba tare da an rarake bulok ba. Injuna da yawa na zamani ba su da wannan gatan. Amma a nan ne kuma ake ɓata aikin. Kowane silib yana zaune ne a kan wani siririn abin toshewa a gindinsa, kuma dole kansa ya ɗan ɗara saman bulok da wani ƙanƙanin awo, huɗun su yi daidai, don gasket ya danne su. Idan aka ɗaga tof sama kai tsaye, ko aka juya karanshaf bayan an cire tof ba a danne silib ɗin ba, sai su motsa, ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Wanda ya san injin yakan kwance kusoshi ya gurgura tof ɗin gefe kafin ya ɗaga. Ka tambayi bakaniken da za ka ba aikin yadda yake cire tof ɗin 504 da yadda yake auna tsayin silib. Amsarsa za ta gaya maka ko ka bar masa motar ko ka gode masa ka wuce.

Sauran aikin sananne ne. A kai karanshaf wurin masu yanka a auna kafin a sayi mital, ba a sayi mital sannan a je yanka ba. A canza sarƙar taimin da abin da ke ɗame ta, a duba famfon baƙin mai, a ɗaure tof da sifana mai awo bisa tsarin da kamfani ya tsara. Kafireta yawanci Solex ce, wankewa da sabon kayan ciki sun ishe ta. Sauyi ɗaya da nake goyon baya ba tare da jinkiri ba shi ne a cire kwantak daga disributa a sa na lantarki. Ba a gani daga waje, ba a yanka komai, motar kuma za ta riƙa tashi da bugu ɗaya da safiyar hunturu.

Abin da ya fi kashe waɗannan injuna a ƙasarmu zafi ne da ƙura, ba tsufa ba. A watan Afrilu zafin Katsina da Daura yana haura digiri 40, tof ɗin alminiyom kuwa da ya sha zafi sau ɗaya sai ya lanƙwashe. A kai lagireto a buɗe shi a wanke ko a canza cikinsa, a sa sabon famfon ruwa da sababbin robobi. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana cin alminiyom yana tara gishiri, a riƙa sa ruwan sanyaya inji na kanti. Sannan al'adar nan ta cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a jefar da sunan wai don ƙasar sanyi aka yi shi, ban yarda da ita ba. Injin da ba ya kai zafin aikinsa da wuri yana shan mai fiye da kima, yana kuma cin silinda. Idan motar tana da tacewar iska irin mai baƙin mai a gindinta, kada a yar da ita a sa wata 'yar ƙarama mai ƙyalli. Don ƙura irin ta hunturunmu aka yi ta.

To idan an buɗe an tarar bulok ya tsage, ko kwanrod ya ɓula shi fa? Sai a nemo wani XN1, daga wata 504 ko daga 505, don 505 da ta fito a 1979 ta gaji wannan injin. Zai zauna a kan kujerunsa ba gardama. Shawarata a nan ita ce duk injin da ka sayo, ko mai sayarwa ya rantse ɗan Kwatano ne bai taɓa aiki a Najeriya ba, ka ɗauke shi a matsayin wanda za a buɗe. Inji mai shekara talatin ko arba'in ba ya zama sabo don an wanke shi da kananzir. Ka kuma kula, akwai 505 masu wani inji daban, na alminiyom gaba ɗaya mai 1995cc ko 2165cc, wanda Peugeot da Renault suka yi tarayya a kansa. Ya fi ƙarfi, amma bel ne ke juya taimin ɗinsa, zamansa a cikin mota daban ne, bakin giyabos ɗinsa ma daban, ga wayoyin injekta. Ana iya sa shi, sai dai ba aikin kwana biyu ba ne, kuma kayansa sun fi wuyar samu a nan.

Yanzu maganar Toyota. Ban raina injin 22R na Hilux mai lita 2.4 ba, ko 4Y na Hiace mai lita 2.2. Injuna ne masu jimiri, kayansu ko a ƙauye ana samu, shi ya sa bakaniken naka ya kawo su. Matsalar ita ce a tsaye aka ƙera su. Da ka zura ɗaya a ɗakin da aka gina don inji mai kishingiɗa, ko dai kansa ya tokare bonet, ko kaskon baƙin mai ya zauna a kan ƙarfen da ya gitta ƙasa da sandar sitiyari. Sai a fara yanka da ƙari. Sannan a zo kan giya. Idan za a bar ta Peugeot, sai an ƙera farantin da zai haɗa ta da injin, kuma in tsakiyar karanshaf da ta giya suka saɓa ko da kaɗan ne, kuloci da boris ɗin giya ba za su daɗe ba. Idan kuma za a kawo giyar Toyota, ita da buɗaɗɗiyar farfela take aiki, ba inda za a ɗaure bututun nan. An cire bututu ke nan, kuma bututun yana cikin abin da ke riƙe aksil a mazauninsa lokacin da aka taka totur ko birki. Sai an ƙirƙiro wani abin riƙo. Na ga motocin da aka yi wa wannan aikin suna tafiya, wasu ma suna lodi. Amma na ga yadda suke rawa a kan gudu, da yadda walda take tsagewa bayan damina ɗaya a kan hanya mai gargada. Ga motar haya da ake so ta ciyo kuɗin yau, mutum zai iya haƙuri da haka. Motar gado da ake so ta koma kamanninta, ban ga ribar ba.

Injin Camry ko Golf ko Peugeot 406 kuwa, a gicciye suke zama, tayoyin gaba suke ja. Juya su su kalli baya, a haɗa birenbos da famfon mai na injekta da wayoyinsu, aiki ne da kuɗinsa zai ninka na garambawul. Ka bar wannan.

Dizal ya fi Toyota hujja, don kamfanin da kansa ya fitar da 504 mai dizal, ciki har da injin XD2 mai 2304cc. Ba ya shan mai da yawa, yana da ja a ƙananan giya. Amma ƙarfinsa wajen doki 70 ne kawai, ga ƙara ga jijjiga, kuma tof ɗinsa ya yi suna wajen tsagewa idan ya yi zafi. Sauyin ma bai tsaya ga inji ba. Ya fi nauyi, don haka sai an duba sifirin ɗin gaba, a ƙara girman batir da lagireto, a canza hanyar mai, a sa famfon da zai zuƙo wa tukunyar birki iska tunda dizal ba ya samar da ita da kansa. Sannan ka duba farashin dizal a gidan mai. Wanda zai yi Daura zuwa Kano kullum zai iya fanshe kuɗinsa. Mai hawan Juma'a ba zai fanshe ba.

Giya ce wurin da za ka ji bambanci na gaske da kuɗi kaɗan. Wadda ke cikin motarka mai yiwuwa BA7 ce mai huɗu, giya mai sauƙin hali da wuya ta mutu. Aibinta ɗaya: a giya ta huɗu, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya ne na farfela. Idan awon aksil ɗinka 3.89 ne, wato farfela ta juya sau 3.89 kafin taya ta juya sau ɗaya, wanda aka saba gani a salun mai fetur, da taya 175 a kan wili 14, to a gudun kilomita 100 injin yana juyi wajen 3,300 a minti. Shi ya sa tsohuwar 504 take kuka a kan doguwar hanya. Giya mai biyar ta 505, wato BA7/5, tana sauke wannan zuwa ƙasa da 2,900. Ƙara ta ragu, zafi ya ragu, mai ya ragu, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba wanda yake raina ragin mai. A tafiyar kilomita 80 da ke tsakanin Daura da Katsina za ka ji shi a kunnenka.

Sai dai a saye ta da hankali. Tsawonta ba ɗaya ba ne da mai huɗu, saboda haka kada ka karɓi giyabos tsirara. Ka saye ta da bututunta da farfelarta da sandar canza giya da ƙarfen da take zama a kai, duk daga mota ɗaya, kuma a tafi da tef a auna a gwada da naka kafin a biya. Tazarar tayoyin gaba da na baya a 504 salun da 505 salun kusan ɗaya ce, mita 2.74, shi ya sa aikin yake yiwuwa ba tare da ɓarna ba. A tabbatar bakinta na injin XN ne. A juya ta da hannu a shiga kowace giya, a zare toshiyar ƙasa a ga abin da ya taru a kanta. Idan motarka mai giyar sitiyari ce, sandar za ta koma ƙasa, wannan kam sai an ɓula ƙasan motar, kuma in ni ne zan tsaya in yi tunani, don giyar sitiyari tana cikin abin da ke ba tsohuwar 504 kwarjini. Kana son sanin awon aksil ɗinka? A ɗaga tayar baya ɗaya, a cire filogi, a sa giya ta huɗu, a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin fulin gaban inji. Abin da aka ƙirga shi ne awon. Wani abin da ake yawan kuskurewa: baƙin man inji kamfani ya ce a zuba a wannan giyabos, man giya mai kauri na aksil ne.

Otomatik da kake sha'awa akwai ta, ta kamfanin ZF mai giya uku. Ba ta da giyar hutawa a kan gudu, tana cinye wani ɓangare na ƙarfin injin da tun asali bai kai doki 100 ba, tana ƙara shan mai, tana kuma ƙara wa lagireto nauyi a ƙasar da zafi ya riga ya yi yawa. Masu gyaranta sun yi ƙaranci, kuma wadda za ka samu a kasuwa ta yi shekaru a ƙasa. Idan ciwon gwiwa ne ya hana ka taka kuloci, wannan uzuri ne, sai a nemo mota guda mai otomatik a kwashe komai daga cikinta, har da fulawil da feda da sandar. Idan sha'awa ce kawai, titunan Daura ba su da cunkoson da zai gajiyar da ƙafarka.

Duk wanda ka zaɓa, kada a fita titi sai an gama da birki da kuloci. Dukansu da man birki suke aiki a 504, kuma robobin cikinsu ne suke fara mutuwa idan mota ta daɗe a tsaye. A canza su duka, har da tiyo na roba da ke zuwa tayoyi, da tayoyin kansu ko da zanensu bai goge ba. Wannan ma wani dalili ne na ƙin babban inji: birkin da sifirin ɗin don nauyi da gudun injin asali aka auna su. Masu tambaya a kan mayar da ita mai iskar gas ta CNG, injin kafireta yana karɓa, amma tukunyar za ta cinye but ta kuma danne bayan motar, sai ka fara duba inda za ka riƙa cika ta.

Ta fuskar daraja, masu neman tsofaffin motoci sun fi biyan kuɗi a kan wadda injinta na asali ne kuma ba a yanka jikinta ba. Don haka duk abin da aka sauke, giya mai huɗu da bututunta da tsohuwar disributa, a shafe su da mai a ajiye a ɗaki, kada yaran gareji su sayar wa 'yan gwangwan. Idan kuma dole ta sa an canza inji, lambarsa tana cikin takardun mota. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin da sunan shagon, ka je ofishin lasisi a gyara takardun tare da mayar da su sunanka, tun kafin ka haɗu da jami'an VIO ko na kwastan a hanyar Kongolam ko ta Jibiya.